Ranar da Ba a Cin Tukunyar Gida

Kamazou, Kaduna
Litinin, washegarin Idin Bayyanuwa

Aikin farko na yau: kankare babbar tukunyar pate, a mayar wa matan zumuntar coci. An yi.

'Yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya shimfiɗa miki hanyar jibi, ya ba direba natsuwa, ku wuce Akwanga da Lafiya da Makurɗi ba tare da ko fashewar taya ba, ya kuma sauke ki a hannun mutanen kirki. Amin.

Na san za ki yi dariya ki ce Mama ta rubuto miki wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninmu, har ina jin kina kokawa da zif ɗin jakarki. Kin dai san halina. In na buɗe baki, maganar da na shirya takan gudu ta bar ni da faɗa. A takarda kawai nake iya jera tunanina ya tsaya a layi. Na soma rubuta wannan a littafin da nake zuba al'amuran yini, sai na ga ba ni ce mai bukatar karanta shi ba, na yago takardun.

Ga abin da ke gabanmu. Kin sami aikin jinya a Otukpo, mun gode Allah. Maƙwabciyarmu Mama Ene, 'yar Idoma ta can, ta ce yayarta tana da ɗaki a bayan asibitin, da ƙafa za ki riƙa zuwa, tukunya ɗaya kuma za ki ci da mutanen gidan. Ke kin ce a'a. Kin ce sai gidan Kawu Danladi, don shi ɗan garinmu ne, ko da yake yana can wani ƙauye da sai an hau mota, a sauka a hau acaɓa, ga hanyar daji, ga shi aikinku har da na kwana. Gobe da safe Mama Ene take son amsa, don akwai wata malamar makaranta da ke neman ɗakin. Da na tambaye ki dalili kika ce, “Mama, ban san yarensu ba, ban iya cin abincinsu ba. Gara in zauna da namu.” Babanki ya dube ni ta saman tabarau. Na gane abin da yake nufi. Muryata na ji tana fitowa daga bakinki.

Ba zan tilasta miki ba. Zan dai ba ki labarin inda ƙafata ta zame, ke ki duba inda za ki taka. Kin tashi kin tarar da al'adar cocinmu, cewa ranar Idin Bayyanuwa kowace kabila tana dafa nata abincin amma ba wanda ke cin tukunyar gidansu. Kin tarar kuma ni da Mama Ene kamar uwa ɗaya ta haife mu. Ba ki san yadda aka fara ba, don ban taɓa gaya miki ba. Kunya ce ta hana ni.

Lokacin da Babanki ya kawo ni Kaduna ina amarya, ban taɓa wuce Kafanchan ba. Muka kama ɗaki a gidan hayan nan da ke bayan layinmu na yanzu, ƙofarmu na kallon ta Mama Ene. Ban yi mako ba sai ga ta da kwano a rufe. “Amarya, sannu da zuwa. Ga sakwara da okoho, abincin garinmu.” Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Da ta tafi na buɗe, na sa cokali na ɗaga, sai miyar gaba ɗaya ta taso ta biyo cokalin, kamar ba ta yarda a raba ta da 'yan'uwanta ba. Kin san karkashi, kin san kuɓewa. To, waɗannan yara ne a gabanta. Da Babanki ya dawo daga kamfani na tambaye shi da me ake yin ta, ya ce da dafara. Dafara! A garinmu da ita ake kwaɓa ƙasar yaɓe. Na ce masa, “Wato abin da ake shafe bango da shi za ta ba ni in shafe hanjina?”

Na zagaya bayan ɗaki na juye wa kaji. Na wanke kwanon tas, na mayar, na ce, “Kai, Mama Ene, ban taɓa cin miya mai daɗin wannan ba.” Ladabi nake nufi, amma aiki na ɗauko wa kaina. Ta ji daɗin yabon, ta riƙa kawowa duk Asabar. Kajina suka yi ƙiba har maƙwabta na tambayar wace dusa nake ba su. Wata Asabar da rana tana shanya a tsakar gida, ina tsinkar yakuwa a bakin ƙofa, sai ga zakarana ya fito daga bayan ɗaki yana taƙama, zaren miya na reto daga bakinsa har ƙasa. Ya girgiza kai, zaren ya ƙi tsinkewa. Ya sa ƙafa, ƙafar ma ta shiga. Mama Ene ta dubi zakara, ta dube ni.

“Amarya,” in ji ta, “ashe zakaranki ɗan Idoma ne.”

Ta yi dariya har ta riƙe igiyar shanya. Ni ma na yi ƙoƙarin yi, ta ƙi fitowa. Daga ranar kwano bai sake zuwa ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta daina gaishe ni ba, amma gaisuwar ta zama ta bakin ƙofa. Na fi shekara ina jin ƙamshin miyar ta taga duk Asabar, na san na rufe wa kaina wata ƙofa da hannuna.

Don haka, Rahila, kada ki yabi abin da ba ki ci ba. In an ajiye miki abin da ba ki sani ba, ki ce, “Ban iya ba, ku nuna mini.” Ba wanda ke jin haushin wannan maganar. Mutane suna son a tambaye su yadda ake cin abincinsu fiye da yadda suke son a yaba shi.

(Na ji kin fita. Na tuna, ni na aike ki mayar wa Mama Ene kwanoninta na jiya. Allah ya sa kin haɗa da murfin shuɗin, yana kan firji.)

Yanzu maganar coci. A wancan lokacin ƙofa ɗaya muke shiga, layi ɗaya muke bi mu karɓi Jikin Ubangiji, amma da an tashi Misa kowa sai ya nufi bishiyarsa. Mu Bajju gindin mangwaro. Tibi gindin dalbejiya. 'Yan Filato jikin rijiya. Idoma bayan ɗakin Katikis, mai koya mana addini. Ba wanda ya raba mana wuraren, ba kuma wanda ya taɓa kuskuren zuwa na wani. Ni a ganina haka Allah ya tsara.

Ko kin tuna Baba Katikis? Kina firamare ya rasu. Gajeren tsoho ne mai sanda, amma ban taɓa ganin ya dogara ta ba, nuni kawai yake yi da ita. Wata shekara ranar wannan idin, Fada, limamin cocinmu, ya wuce ƙauye bayan Misa, Baba ya tsayar da mu mata. Ya sake ba mu labarin da aka karanta: yadda waɗansu masana taurari suka ga tauraro a ƙasarsu ta gabas suka biyo shi, yadda suka ɓace suka shiga fadar sarki suna tambaya, yadda malaman fada suka san sunan garin amma ba wanda ya ɗaga ƙafa a cikinsu, yadda baƙin suka ƙarasa Baitalami suka durƙusa wa jaririn suka kwance kayansu. Sai ya ce, “To, a cikin labarin nan, mu su wa ne?”

Na ɗaga hannu da sauri. Ba kasafai nake tabbata da abu ba, amma ranar na tabbata. Na ce, “Baba, mu ne masu gida. Mu ne Maryamu da Yusufu, mu da aka haifa cikin bangaskiya. Idin yana koya mana mu riƙa karɓar baƙi.”

“Madalla,” in ji shi. “Maman Rahila, kakanki ɗan wace unguwa ne a Baitalami?”

Mata suka soma ƙunshe baki da zane.

“Ɗan Zonkwa ne, Baba.”

“Af! Zonkwa. Ita ce wadda ke bayan Urushalima, in an wuce gidan mai?”

Nan fa dariya ta ɓarke. Ya bari ta lafa, sannan ya ce, “'Ya'yana, babu ɗan gida a cikinmu. Ni baƙo ne. Fada baƙo ne. Baturen da ya kawo wa iyayenmu labarin, shi ma baƙo ne. Dukanmu masu raƙuma ne, irin masanan nan. Abin da ya sa muke murna yau ke nan: ranar ce Allah ya nuna Ɗansa ga mutanen da ba su da ko dangi ɗaya a garin, kuma ba a tsayar da su a waje ba.” Ya juya ya nuna mangwaro da sanda, ya nuna dalbejiya. “Ku duba abin dariya. Baƙi sun shigo gidan wani, suna rarraba wa kansu bishiyoyi.” A nan ya kafa dokar: daga baɗi kowa ya kawo tukunyarsa, kowa ya ci ta wani.

Na daɗe ina juya maganar nan, har yau ban gama ba. Da ina ɗauka idin na masu karɓar baƙi ne, wato mu ne masu kirki, mu ne ke buɗe ƙofa. Akwai daɗi mutum ya zama mai buɗe ƙofa. Wanda aka buɗe wa shi ne mai wahala: takalminsa da ƙura, harshensa dabam, bai san inda ake zama ba. Amma a wannan wurin Allah ya same mu duka. Ke yanzu za ki tsaya a ƙofar wasu da jaka a hannu. Kada ki ɗauka an rage miki daraja. Wurin da kakanninki na bangaskiya suka tsaya ke nan.

Kada ki zaci na ji wa'azi na gyaru nan take. Da shekara ta zagayo, dabara na yi. Na roƙi shugabar zumunta ta sa ni rabon pate. Na tsaya a bakin tukunyarmu da ludayi, ke kina goye a bayana, ina zuba wa Tibi, ina zuba wa 'yan Filato, ina murmushi kamar wadda ta fi kowa biyayya. In na ga ba mai kallo, sai in ɗan kai ludayin baki, wai ina duba gishiri. Ban san Baba yana tsaye a bayana ba.

“Maman Rahila, har yanzu gishirin nan bai daidaita ba? Tukunya ta kusa rabi.”

Ya karɓi ludayin ya miƙa wa wata mata 'yar Shendam, ya nuna mini hanya da sanda. Ina tafe yana biye, har bencin Idoma. Wa ke rabo? Mama Ene.

“Amarya! Ke kaɗai? Ina zakaran?”

Ashe duk matan bencin sun san labarin. Wata ta ce a zuba masa nasa a leda in kai masa. Na zauna. Mama Ene ta ajiye mini sakwara da miya, na ɗauki cokali, ta fizge shi.

“Ba a cin okoho da ƙarfe. Wanke hannu.”

Ta nuna mini: a gutsuri sakwara, a dangwala, a murɗa hannu sama, a datse zaren da yatsa a bakin kwano. A hannunta abin kamar wasa. Ni da na gwada, zaren ya taso daga kwano ya bi hannuna, ya bi haɓata, ya sauka a kan farar rigar zumunta, ya ƙi rabuwa da kwanon. Ke kuma kika miƙo hannu daga goyo kika kama tsakiyarsa kina ja. Har mutanen gindin dalbejiya suka taso kallo. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Amma lomar ta riga ta shiga baki. Rahila, ga busasshen kifi, ga daddawa, ga yaji daidai, ta wuce maƙogwaro ba ta nemi izinin kowa ba. Na lashe yatsa. Na sake gutsura. Mama Ene ta sa bakin zanenta ta goge mini haɓa kamar yarinya, ta ce, “Sannu a hankali, Amarya, ba gudu za ta yi ba.” Asabar ɗin da ta biyo, kwano ya dawo ƙofata.

Za su yi miki dariya a Otukpo, wannan ba shakka. Za ki gaishe da mutum gaisuwar safe da yamma. Za ki kira abu da sunan da ba nasa ba. Ki yi dariyar tare da su. Na lura mutane ba sa sakin jiki da baƙon da bai taɓa yin kuskure a gabansu ba. Masanan nan ma, da duk iliminsu, gidan da ba shi ba suka fara shiga.

Kuskurena na gaba shi ne na wuce gona da iri, kamar yadda na saba. In na ƙi abu, na ƙi shi gaba ɗaya. In na so shi, sai an riƙe ni. Na koyi gaisuwar Idoma. Na ɗinka wa kaina zane mai ja da baƙi irin nasu. Wata shekara na ce wa matanmu bana ba pate, abin mamaki zan yi. Na sayo dafara, na kankare, na jiƙa, na matse yadda na ga ana yi. Ban san inda na kuskure ba, har yau ina zargin ruwan ne ya yi zafi da yawa. Miyar ta tsinke ta zama kamar ruwan wanke kifi. Duk da haka na ɗauka na kai.

Sai ga Mama Ene da babban kwanonta daga gida. “Amarya, cika shi. Tun jiya nake ajiye ciki saboda patenki.” Ta leƙa tukunya. Ta ɗaga ludayi, miyar ta zuba tsululu.

“Wannan mene ne?”

“Okoho.”

“Allah ya ji ƙanta.”

Na zaci wasa take yi, sai na ga fuskarta ba wasa. “Wa ya ce miki muna neman ƙarin Idoma? Muna da yawa, har mun ishi kanmu. Mai pate muke nema. Shekara guda ina jira!” Ta juya da kwanonta wayam. Ranar bencinmu ba wanda ya zo, sai Babanki, shi ma don ya auri mai miyar ne.

Ki riƙe wannan da kyau, don ina tsoron in kin saki jiki za ki yi irin nawa. Ba a ce ki zama su ba. Baƙin Baitalami ba su tsaya a kasuwar garin sun sayi abin da kowa ke da shi ba. Abin ƙasarsu suka kwance, zinariya da lubban da mur. Kada ki ji kunyar accarki, ko sunan garinku, ko yadda harshenki ke karya kalmominsu. Ki ci nasu, ki ba su naki. In kowa ya bar tukunyarsa a gida don kunya, ranar idi da yunwa za a tashi.

Saura wanda ya shafe ki, shi ne kuma dalilin wannan wasiƙar. Ni bakina ya tuba a bencin Idoma, amma tsorona bai tuba ba. Ajiye shi na yi, na ba ki gado. Duk safiyar idi sai in cika miki ciki da pate a gida kafin mu fita, wai kada yarinya ta sha wahala. In na aike ki gidan mutane sai in ce, “In an ba ki abu ki ce kin ƙoshi.” Na ɗauka tarbiyya nake yi. Ban taɓa zaunar da ke na nuna miki yadda ake murɗa hannu ba, don in na yi haka sai na ba ki labarin zakara.

Jiya na ga sakamakon. Idi ya yi kyau, ba a taɓa tara tukwane haka ba. Har da masar da Hajiya Binta, mai sayar mini da atamfa a Unguwar Sanusi, take aikowa kowace shekara tun da na ba ta labarin al'adar. Masar ce kaɗai ba tukunyar gidan kowa ba, kowa na da izinin ci, don haka ita ke fara ƙarewa. Ina tsaye ina rabo, ba na duba gishiri yanzu, sai na hango ki a bencin Idoma. Kin karɓi faranti da hannu biyu. Kin rusuna. Kin yi murmushin nan mai kyau. Da Mama Ene ta juya, kika zura farantin ta bayan benci, wani hannu ya karɓe. Na bi hannun da ido har kafaɗa, sai na ga Babanki. Ba mu da zakara yanzu, shi ya gaji aikin.

A hanyar gida na yi masa magana. Ya ce, “Madam, ni ba ni da ƙorafi. Shekara da shekaru ina cin rabo biyu.” Na ce, “Wato ka sani tuntuni?” Ya ce, “Na zaci tsarinku ne na gado.”

Na yi dariya, amma da muka iso gida na zauna a kan keken ɗinki ban taka shi ba. Ba okoho ne damuwata ba. Mutum zai iya shiga Mulkin Sama bai taɓa cin okoho ba, ina jin ko Fada zai yarda da wannan. Damuwata ita ce ki je garin mutane ki yi shekaru kina murmushi kina miƙa faranti ta baya. Ki riƙa bin hanyar daji da safe da yamma, don kawai ki kwana inda ba wanda zai ba ki mamaki. Ki dawo mana yadda kika tafi, da accarki a ciki, ba ki san kowa ba, ba wanda ya san ki.

Ba na ce miki gidan yayar Mama Ene aljanna ne ba. Sau ɗaya na ji muryarta a waya, tana da ƙarfin murya kamar ƙanwarta, ta kuma tambaya ko kina cin yaji. Abin da na sani ke nan. Mai yiwuwa ina kuskure, ba yau na fara ba. In kin je kika ga abin da bai dace ba, ki kira ni, ko ina tsakiyar ɗinki zan tashi. Ki kulle ƙofarki in za ki kwanta, ki san wanda za ki bi da wanda ba za ki bi ba. Buɗe zuciya ba wauta ba ce, masanan ma da aka gargaɗe su game da sarkin nan, ba su koma ta fadarsa ba. Ki kai wa Kawu Danladi gaisuwa in kin sami hutu. Ki fara koyon gaisuwarsu kafin komai, sai “na gode”, sai “ina ke ciwo?”, don majinyaci yana jin sauƙi in an tambaye shi da harshen uwarsa. In kin shiga cocinsu aka tashi, za ki ga bishiyoyi, ko'ina akwai su. Kada ki tsaya neman mangwaro.

Na tsaya a nan don in leƙa ko kin dawo, na ga kin daɗe a kan mayar da kwano. Sai ga ki kin shigo. Zan rubuta yadda aka yi, ko da yake kina wurin, don in karanta wa kaina wata rana.

Abin da na fara gani shi ne gaban rigarki. Wani dogon tabo mai sheƙi daga wuya har ciki. Na san wannan tabon. Na taɓa wanke irinsa.

“Mama, me ya sa ba ki taɓa ba ni labarin zakara ba?”

Na rufe takardun nan da hannu. “Wa ya gaya miki?”

“Ina shiga Mama Ene ta ce, ‘Jiya na ga sabon zakara mai tabarau.’ Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunne, ta ɗumama sauran ta jiya, ta ɓoye cokula.”

“Kin ci?”

“Rigata ta fi ni ci.” Kika tsaya kina murza bakin labule. “Mama, accar nan da kika ɗaure mini, za a iya raba ta biyu?”

“Ta yi nauyi ne?”

“A'a. Ba na so in shiga gidan mutane hannu rabbana.”

“Wane gida?”

“Haba, Mama. Kada ki sa in faɗa sau biyu.”

Daga falo Babanki ya ɗaga murya, “Wato an kore ni daga aiki ke nan?”

Kika yi dariya, sannan kika rage murya kika ce, “Amma har yanzu ina jin tsoro.” Na ce ni ma. Gaskiya ce, ban ga amfanin ɓoye ta ba.

To ga shi. Na ɓata rabin yini da takardu masu yawa, Mama Ene ta gama aikin da kwano ɗaya. Na yi tunanin in yaga wasiƙar. Na sake tunani na ga a'a, zan cusa ta a jakarki ƙarƙashin ƙullin acca, don akwai ranar da za ki tsaya a ƙofar wani gida dabam, tsoron nan ya dawo, ni kuma ba na kusa.

Allah da ya sa tauraro a gaban baƙi har suka isa, ya sa haskensa a gabanki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare hannunki a kan majinyata, ya sa mutanen gidan su ga alheri a zuwanki. Ya dawo mana da ke lafiya, ko da kin dawo kina gyara mini yadda ake murɗa hannu. Amin.

Mahaifiyarki,
Rifkatu

Na gobe:
Zuwa wurin Mama Ene da sassafe, a ce mata eh. Rahila ce za ta faɗa, ni rakiya kawai.
Raba acca biyu. Ƙullin kyauta ya fi girma. A haɗa da gyaɗa da busasshiyar yakuwa.
Jiƙa rigar Rahila. Ruwan sanyi, ba na zafi ba.
Murfin shuɗin kwano, har yanzu yana kan firji.
Kiran Kawu Danladi a yi masa godiya, a hankali, kada ya ji ba daɗi.
Ƙarasa kalmasa farin yunifom na biyu.
Kuka: ba gobe ba. Sai jibi, in mota ta tashi.